Daga Zangon Fatake zuwa Masaukin Matafiyin Yau

Sharhin yau ya shafi wata tambaya da ke jiran duk wanda ya ɗaura niyyar fita ƙasar waje domin yawon buɗe ido, wato inda zai sauke kayansa ya kwana idan rana ta faɗi a garin da bai san kowa ba. Abin da sharhin yake son tabbatarwa guda ɗaya ne, kuma za a riƙa maimaita shi: masauki na ƙwarai shi ne wanda yake da mai shi, mutumin da aka san sunansa, wanda ya ɗauki amanar baƙo da dukiyarsa, kuma za a iya tuhumarsa idan amanar ta salwanta.

Za a fara daga nesa kafin a dawo gida. A ƙasashen Turai akwai iyalai masu yawa da suke yin hutunsu a cikin mota mai ɗaki, ko kuma ɗaki mai taya da ake ɗaura wa mota ta ja shi, wanda a cikinsa akwai gado da murhu da makewayi, ta yadda iyali za su tashi daga Ingila su tsallaka Faransa ko Sifen suna kallon garuruwa ba tare da sun kama ɗaki a otal ba. Sai dai dokokin yawancin ƙasashen ba su yarda mutum ya tsaya ya kwana duk inda ya ga dama ba, saboda haka aka keɓe filaye na musamman domin irin waɗannan matafiya, inda ake samun ruwan sha da wutar lantarki da wurin zubar da ƙazanta da mai kula da ƙofa. A Ingila an kafa ƙungiyar masu irin wannan tafiya tun 1907, a Faransa kuma ana auna darajar filayen da taurari, daga ɗaya zuwa biyar, kamar yadda ake yi wa otal-otal. A watannin Yuli da Agusta, lokacin da makarantu ke hutu, filayen da ke kusa da bakin teku da manyan wuraren tarihi sukan cika, don haka mai hankali yakan kama wuri tun da sauran watanni.

Mai sauraro a Kano zai iya ganin wannan al'ada ta yi masa nisa. Amma neman filin da ayari zai sauka a ƙasar da ba tasa ba ilimi ne da mutanen birnin nan suka ƙware a kansa shekaru aru-aru kafin a ƙera mota, kuma shaidar hakan tana nan a sunayen unguwannin da ake wucewa ta cikinsu kullum.

A nan sharhin zai shiga cikin ganuwa. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanyoyin fatauci daga Barno zuwa Gwanja, sannan Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya hau gadon sarauta a 1463, ya kafa kasuwar Kurmi, wadda ta zama matattarar waɗannan hanyoyi. Garin da ya kafa kasuwa irin wannan dole ne ya tanadi inda baƙi za su sauka, kuma Kano ta tanada. Zango shi ne wurin da ayari ke yada kaya ya huta, ko na dare ɗaya a kan hanya ko na watanni a ƙarshen tafiya, kuma har yau akwai unguwar Zango da Zangon Barebari a cikin birni. Akwai Dandalin Turawa, inda attajiran Larabawa na Gadamas da Tarabulus suka zauna, domin a wancan zamani su ake kira Turawa. Akwai Alfindiki, wadda masana ke danganta sunanta da kalmar Larabci ta gidan saukar fatake. Akwai Ayagi ta Yarabawa da Tudun Nufawa. Ayarin raƙuma na Abzinawa kuwa, masu kawo gishirin Bilma da dabino da rani su koma da hatsi da tufafi, sun fi sauka a Fagge, a wajen ganuwa, inda akwai sarari da dabbobi za su sake. A wancan zamani ƙofofin birni ana rufe su idan dare ya yi, kowace da sarkin ƙofarta, saboda haka ayarin da ya makara a waje yake kwana, komai girman madugunsa.

Abin lura shi ne kowane baƙo ya san unguwar da zai nufa tun kafin ya hango dutsen Dala, domin a can ne ’yan garinsu suke, kuma a can ne mai masaukinsa yake. Baƙo ba ya shiga birni yana lalube.

Yanzu sai a juya ga Kanawa da kansu a matsayin baƙi a ƙasar wasu, domin a nan ne darasin ya fi yawa. Fataucin goro zuwa Gwanja, a arewacin ƙasar Gana ta yau, shi ne babbar tafiyar ƙasar waje ta mutanen Kano a ƙarni na goma sha tara, kuma Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari ne suka fi shahara da shi. Ayari yakan tashi da jakuna ɗauke da kanwa da turkuɗi da jan fata, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, ya bi ta Sansanin Mango da Yandi har ya isa kasuwar Salaga, tafiyar da kan ci wata biyu zuwa uku a zuwa kawai, kuma mutanen da ke cikinta sukan haura dubu. Shugaban ayari shi ne madugu, wanda alhakin rayuka da dukiya ke wuyansa. Ƙarƙashinsa akwai jagaba, wanda ke wucewa gaba domin duba hanya, da uban dawaki, wanda ke taimaka masa wajen sasantawa da sarakunan da za a ratsa ƙasarsu, da malamin ayari, wanda ke jan salla, ya rubuta wasiƙu, ya riƙe lissafi.

Yadda suke zaɓen zango abin a tsaya a duba ne da kyau. Ayari yakan tashi da asuba, ya yi ta tafiya har rana ta take, sannan ya sauka da sauran haske, domin ba a yada zango cikin duhu. Abin da ake fara tambaya shi ne ruwa, ko akwai rafi ko rijiya da za ta ishi mutane da ɗaruruwan jakuna. Sai ciyawa da itacen girki, sai kuma ƙauyen da ke kusa, wanda matansa za su kawo abinci su sayar. Bayan haka sai tambayar da ta fi duka nauyi, wato wane ne mai ƙasar, nawa yake karɓa, kuma idan ya karɓa ko yana da ƙarfin hana ’yan fashi taɓa ayarin. Da an sauka sai a jibge kaya a tsakiya, a kafa turaku a ɗaure jakuna, samari su sari rassa da ciyawa su yi bukkoki a kewaye, a hura wuta, a raba masu gadi. A kan hanyar dawowa kuma akwai ƙarin aiki, domin goro ba ya son zafi kuma ba ya son bushewa, saboda haka a wasu zangunan sai an kwance huhu, an tsince wanda sankara ta kama don kada ya ɓata sauran, an yayyafa ruwa, an sake naɗe shi da ɗanyen ganye. Zangon da ba shi da ruwa da inuwa zai iya cinye ribar shekara guda a kwana biyu.

Kuɗin da ake biyan sarakunan hanya da kuɗin fito a bakin kogi ba kaɗan ba ne, kuma fatake sun sha kokawa da su, musamman a ƙasar Bargu. Duk da haka madugu nagari ya fi son zangon da aka san mai shi kuma aka san kuɗinsa a kan dajin da ba a biyan ko wuri amma ba wanda za a kai wa ƙara. Wannan hukunci na madugai daidai ne, kuma bai tsufa ba.

Daga zangon hanya sai masaukin cikin gari, inda fatoma yake. Fatoma, wanda a wurare da yawa ake kira mai gida kawai, shi ne mutumin gari da ke saukar da fatake a gidansa. Yana ba su ɗaki da abinci, yana ajiye musu kaya a ma'ajiyarsa, yana yi musu tafinta idan harshe ya bambanta, yana haɗa su da dillalan da ya yarda da su, kuma idan an sayar da kayansu bashi, shi ne yake tsayawa a matsayin lamuni, ta yadda idan mai saye ya gudu, shi za a riƙe. Yawanci ba ya karɓar kuɗin ɗaki, domin abin da yake samu yana fitowa ne daga la'ada, wato kason da ake cirewa a kan ciniki. Saboda haka arzikinsa ya rataya ne a kan baƙo ya tafi da farin ciki ya dawo baɗi, ya kuma turo ɗan'uwansa. Fatoman da ya ci amana sau ɗaya, labarinsa zai riga shi isa Kano a bakin ayari na gaba, gidansa kuma ya zama kango. Masanin zamantakewa Abner Cohen, wanda ya yi nazarin unguwar Sabo ta Ibadan ya wallafa littafinsa a 1969, ya tarar da wannan tsari yana nan da ransa a cinikin shanu da goro, masanin tarihi Paul Lovejoy kuma ya bi diddiginsa a fataucin Gwanja a littafinsa na 1980.

Masu sauraro za su ga an sake dawowa kan magana ta farko: masauki na ƙwarai shi ne wanda yake da mai shi.

Akwai baƙi biyu daga Turai da labarinsu a cikin birnin Kano ya ƙara fito da wannan. Hugh Clapperton ya iso Kano a watan Janairu na 1824 yana riƙe da wasiƙar Shehun Barno Muhammadu al-Amin al-Kanemi zuwa ga wakilinsa a garin, kuma wannan wasiƙa ce ta sama masa masauki da wanda zai gabatar da shi ga hukuma. Cikin abubuwan da suka burge shi a kasuwar Kurmi har da yadda ake sa sunan dillali a cikin ƙunshin riga ko turkuɗi, ta yadda ko an kai kayan Barno aka kwance aka tarar da aibu, za a iya mayar da su Kano a karɓi kuɗi. Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso a watan Fabrairu na 1851 ya sauka a unguwar Dala, amma shi bai dace ba da farko, domin wakilin da aka haɗa shi da shi tun daga nesa bai biya masa buƙata ba, ya sami kansa a ɗaki mai duhu, ga zazzaɓi ga masu bin bashi. Birni ɗaya ne, kasuwa ɗaya ce, amma hannun da kowannensu ya faɗa ya bambanta, kuma wannan ya shafi yadda kwanakinsu na farko suka kasance.

Daga nan zamani ya juya, kuma sharhin zai wuce da sauri. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa kasuwar, fatake suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kintampo da Kumasi, cikinsu har da Malam Umaru, mashahurin malamin nan haifaffen Kano. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, goro ya koma bin teku zuwa Legas sannan ya hau dogo, kuma Alhassan Ɗantata, wanda ya fara da fataucin Gwanja, yana cikin waɗanda suka fahimci wannan sauyi da wuri. Ayarin jakuna ya mutu, amma zanguna suka zama unguwanni na dindindin a Kumasi da Accra da sauran garuruwa. Sai dai a 1969, lokacin da gwamnatin Kofi Busia ta Gana ta ba da umarnin korar baƙin da ba su da takardar zama, mutane da yawa da suka yi shekara da shekaru a zango, wasu ma a can aka haife su, suka gane cewa a duniyar iyakoki da fasfo lamunin mai gida kaɗai ba ya isa. Tun daga lokacin, matafiyi yana buƙatar abu biyu tare, mutum da takarda.

Ita ma Kano ta taɓa zama zangon masu yawon buɗe ido na mota, kuma dattawa da yawa za su tuna. A shekarun 1970 da 1980, Turawa sukan ƙetare Sahara da manyan motoci daga Aljeriya, su bi ta Tamanrasset da Agadas da Damagaram su shigo Kano fututu da ƙura, su sauka a sansanin baƙi na gwamnatin jiha da ke titin Bompai, inda suke kafa tantuna, su gyara motocinsu, su canji kuɗi, sannan su shiga birni su kalli ganuwa da marinar Ƙofar Mata da Gidan Makama da kasuwar Kurmi, masu sa'a kuma su tarar da hawan salla. Abin da ya sa sunan sansanin ya bazu a tsakaninsu shi ne matafiyi yana gaya wa matafiyi, daidai yadda sunan fatoma ke bazuwa a da. Rikicin Aljeriya da tawayen arewacin Nijar a farkon shekarun 1990 suka toshe wannan hanya, baƙin suka ɗauke ƙafa. Abin takaici ne a ce ganuwar da suke zuwa kallo ita ma an bar ta tana zaizayewa, ana ɗibar ƙasarta ana gini a kanta, domin ko hanya ta buɗe gobe, sai an sami abin da za a nuna wa baƙo.

To, yanzu sai a zo ga matafiyin yau, wanda dominsa aka yi wannan sharhi. Mutanen Kano suna fita Makka da Madina domin Umra, suna zuwa Dubai da Alƙahira da Istanbul, wasu da iyalinsu domin hutu da kallon wuraren tarihi, wasu kuma suna bin mota zuwa Damagaram ko Kwatano ko Accra. Mafi yawansu a wayar hannu suke kama masauki ta intanet, ko su miƙa kuɗi ga wani ejan da aka ce musu yana harkar. Wannan sauƙi ne babba, ba kuma wanda zai so a koma zamanin jiran wasiƙa wata uku. Illarsa ita ce hoto ya maye gurbin mutum. Hoto ba ya nuna nisan masauki da wurin da aka je gani, ba ya faɗin ko unguwar tana da aminci da dare, kuma idan aka isa aka tarar da ƙofa a rufe, ba a iya kama hoto a ce ya biya.

Saboda haka tambayoyin madugu su ne ya kamata matafiyi ya ɗauka, ko filin ajiye mota mai ɗaki yake nema a Turai ko ɗakin haya a Madina. Ya fara da sanin wane ne mai wurin, da cikakken suna da adireshi da lambar wayar da idan an kira mutum ne zai ɗauka, kuma ya tabbatar hukumar ƙasar ta san da wurin. Ya nemi wanda ya taɓa sauka a can, ɗan unguwarsu ko abokin kasuwancinsa, ya tambaye shi baki da baki, domin yabon da baƙin ido suka rubuta a intanet yana da amfani, amma ana iya sayensa, shaidar wanda za a haɗu da shi a masallaci gobe kuwa tana da wuyar saye. Ya san kuɗin gaba ɗaya kafin ya biya, har da haraji da kuɗin wuta da abin da za a mayar masa idan tafiya ta fasu, kuma a rubuce. Ya auna nisa da ƙafarsa ko da ƙafar tsohuwar da zai tafi da ita, domin masaukin da aka ce yana kusa da Harami zai iya zama tafiyar da dattijo ba zai iya yi sau biyar a rana ba. Ya tambayi abinci na halal da wurin salla da ruwan tsarki a makewayi, abubuwan da mai wurin a wata ƙasa ba lallai ne ya yi tunaninsu ba sai an tambaye shi. Sannan ya tsara tafiyarsa yadda zai isa da sauran rana, kamar yadda ayari ke yi.

Sai batun takarda, wanda ba a wasa da shi. Ƙasashen Turai da ke ba da bizar bai ɗaya ta Schengen suna neman shaidar masauki tun wajen neman bizar, kuma gabatar da ta bogi, ko da ejan ne ya ƙirƙira ba da sanin matafiyi ba, kan matafiyin laifin yake komawa. A Afirka ta Yamma yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasa damar shiga ƙasar ’yar'uwa ya zauna har kwana 90 ba biza, amma mai tafiya da motarsa yana buƙatar takardun motar da inshorar da ke aiki a ƙetare da katin allurar shawara. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe iyaka tsawon watanni, a Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar, don haka wanda zai bi ta can ya binciki halin da ake ciki a makon tafiyarsa, kada ya dogara da labarin bara. Wannan shi ne aikin jagaba, kuma a yau kowane matafiyi shi ne jagaban kansa.

Akwai kuma wata dama da Bahaushe yake da ita wadda mutane da yawa ba su da irinta, kuma ana sakaci da ita. Da wuya a sami babban gari daga Accra zuwa Khartoum da Jidda da ba a samun masu jin Hausa, kuma a garuruwa da yawa akwai sarkin zango ko sarkin Hausawa ko limamin da jama'a suka sani. Mai yawon buɗe ido ba sai ya kwana a zango ba, amma sanin lambar mutum ɗaya amintacce a garin da za shi ya fi masa tauraro biyar amfani a ranar da fasfo ya ɓace ko yaro ya kwanta ciwo. Shi ma wannan sai an tantance, domin jin Hausa ba shi ne riƙon amana ba, kuma an sha cutar baƙo da harshen uwarsa.

Jama'a masu sauraro, wanda ke shirin tafiya a cikinku a wannan shekara, kafin ya tura kuɗi ko'ina, ya samu dattijo ɗaya a Koki ko Madabo ko Fagge wanda ya yi fatauci ko ya gaji mafatauta, ya zauna da shi ya tambaye shi yadda suke sanin gidan da za su sauka, sannan ya ɗauki waya ya kira masaukin da ya zaɓa ya ji muryar mai shi. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya haɗa su da masu masauki na gari, ya dawo da su cikin iyalinsu lafiya.